Mula na Biristol: Mutumin da Ya Riƙe Marayu 10,000 Bai Roƙi Kowa Ba

 Tarihin wannan mako ya kai mu Ingila, kusan shekaru 200 baya, wurin wani malamin Kirista Bajamushe mai suna George Müller. Don sauƙin baki za mu riƙa ce masa Mula.

Abin da duniya ta san shi da shi shi ne ya riƙe marayu 10,024 a tsawon rayuwarsa, ya gina musu manyan gidaje 5, kuma bai taɓa zuwa ƙofar wani attajiri ya ce a taimaka masa ba. Allah kaɗai yake roƙo. Wanda ya ji haka a taƙaice zai ɗauka labarin wani waliyyi ne da ke zaune bisa buzu, abinci na sauko masa daga sama. To, ku biyo mu a hankali. Mutumin nan yana da littafin lissafi, yana gudun bashi kamar wuta, ya san ciniki, ya kuma san jira. Dalilin da ya sa ya fara aikin ma, kamar yadda za ku ji, ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye.

An haife shi ran 27 ga Satumba 1805 a wani ƙaramin gari mai suna Kroppenstedt a ƙasar Furusha, wadda yau take cikin Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin haraji ne. Shi da kansa ya rubuta irin ƙuruciyar da ya yi, bai ɓoye ba. Tun bai kai shekara 10 ba yake satar kuɗin gwamnati da ke hannun ubansa. Daren da mahaifiyarsa ke kan gargarar mutuwa, yana ɗan shekara 14, yana can yana karta har tsakar dare. Yana da shekara 16 ya riƙa sauka manyan masaukai yana ci yana sha, ya sulale bai biya ba, har aka kama shi a garin Wolfenbüttel, ya yi kwana 24 a kurkuku. Uban ne ya biya bashin, ya kuma lakaɗa masa duka. Duk da haka uban yana so ya zama fasto, don a Furusha ta wancan lokaci aikin coci aiki ne mai albashi da gida da fansho. Haka ya shiga jami'ar Halle yana karatun addini, hali kuwa na nan yadda yake. Sun taɓa tafiya yawon buɗe ido Suwizalan da abokansa, aka ba shi ajiyar kuɗin tafiya, ya yi musu ƙwange.

A watan Nuwamba 1825 wani abokinsa ya kai shi taron addu'a a gidan wani mutum mai suna Wagner, ran Asabar da dare. Can ya ga abin da bai taɓa gani ba: babban mutum ya durƙusa bisa gwiwoyinsa yana addu'a, yana magana da Allah kamar mai magana da wanda ke jinsa. Ɗalibin da ke shirin zama fasto fa, amma bai taɓa ganin haka ba, shi ma bai taɓa yi ba. Daga daren nan rayuwarsa ta juya.

Akwai wani abu kuma da ya gani a Halle wanda ya zauna masa a rai. A birnin akwai wasu manyan gidajen marayu da wani malami mai suna August Hermann Francke ya kafa tun ƙarshen ƙarni na 17, da 'yan kuɗi kaɗan da dogara ga Allah. Mula ya zauna wata 2 a ɗakunan da ake ba ɗalibai matalauta kyauta a cikin gidajen nan. Francke ya mutu tun 1727, amma ginin na tsaye, yara na ci suna karatu.

A 1829 ya haye Ingila. Rashin lafiya ta kai shi wani gari na bakin teku mai suna Teignmouth, inda ya zama faston wata ƙaramar ikkilisiya, ana biyansa fam 55 a shekara. A watan Oktoba 1830 ya auri Mary Groves. Cikin watan auren nan suka yanke shawarar da ta zama tushen duk abin da ya biyo baya. A lokacin, albashin fasto daga hayar kujerun majami'a yake fitowa: mai kuɗi ya kama kujerar gaba, talaka ya zauna baya. Mula ya ce wannan nuna bambanci ne a ɗakin Allah. Ya soke hayar, ya ajiye albashin, ya sa akwati a bakin ƙofa, wanda ya ga dama ya jefa abin da ya sawwaƙa ba tare da an san ko wane ne ba. Suka kuma ɗaura wa kansu sharaɗi biyu: ba za su faɗa wa kowa bukatarsu ba sai Allah, kuma ba za su ci bashi ba ko na kwabo. Ku lura, amarya ce fa, wata ɗaya bai cika ba. Idan ana ba da labarin Mula akan manta da Mary, alhali ita ke buɗe tukunya ta ga abin da ya rage.

A 1832 suka koma Biristol tare da abokinsa Henry Craik. Biristol babbar tashar jiragen ruwa ce, wadda a ƙarni na 18 jiragenta suka yi ƙaurin suna wajen cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Shekarar da suka iso annobar kwalara ta faɗa wa birnin. Iyaye suka mutu, yara suka cika tituna. Abin da hukuma ta tanadar wa irin waɗannan yara shi ne gidan aikin matalauta, inda bayan dokar 1834 aka tsananta zama da gangan don kada kowa ya yi sha'awar shiga.

To, a nan ne maganar ta zo kanku 'yan kasuwa. Mutum zai zaci tausayin marayu ne dalili na farko da ya sa Mula ya buɗe gida. Shi da kansa ya rubuta cewa tausayin na nan, amma akwai abin da ya gabace shi. A yawon ziyararsa yakan tarar da masu sana'a suna aiki awa 14 har 16 a rana, jiki ya gaji, babu lokacin addu'a ko karatun Littafi Mai Tsarki, idan ya ce su rage sai su ce to iyali su ci me? Yakan tarar da tsofaffi da tsoron gidan matalauta ya hana su barci. Yakan kuma tarar da 'yan kasuwa Kirista da ke tafiyar da cinikinsu da algus da 'yar ƙarya kamar kowa, zuciyarsu na damunsu, amma suna cewa kasuwa ta yi tsanani, masu gasa sun yi yawa, wanda ya ce zai bi gaskiya zalla zai rufe shago. Kun san wannan magana. Ana yin ta yau a kowace kasuwa, wurin mudu da sikeli da canjin naira da sefa. Mula ya ga wa'azi kaɗai ba ya shiga kunnen mutumin da ke tsoron yunwa. Sai ya ce bari a yi wani abu da ido zai gani: idan shi, talaka baƙo da ba shi da ko sisi, ya iya riƙe gidan marayu ta hanyar addu'a kawai, bai roƙi mutum ba, bai ci bashi ba, to mai shago zai ga cewa Allah na iya riƙe shi shi ma ba tare da ya tauye mudu ba.

A farkon Disamba 1835 ya fara roƙon abu 3: gida, fam 1,000, da mutanen kirki da za su kula da yaran. Kyautar farko da ta shigo sule ɗaya ce. Sannu a hankali kaya suka riƙa zuwa, kwanoni, cokula, barguna, yadi. Akwai wata mata mai ɗinki, marar ƙoshin lafiya, wadda abin da take samu a mako bai wuce sule 3 da sisi ba. Ta ci ɗan gado, ta biya basussukan da mahaifinta ya bari, sannan ta kawo fam 100. Mula bai yi wuf ya karɓa ba. Ya zauna da ita ya yi ta jan hankalinta, ko ta yi gaggawa, ko za ta yi nadama daga baya. Sai da ya tabbata ta yi tunani sosai sannan ya amsa. Wannan ɗabi'a ta bi shi har tsufa: idan ya gane mai kyauta na da bashin mutane a kansa, yakan mayar masa da kuɗin ya ce ya je ya fara biyan masu binsa.

Wani abin dariya ya faru a tsakani. An shirya komai, an sa ranar karɓar sunayen yara, Mula ya zauna yana jira, har lokaci ya wuce ko yaro ɗaya ba a kawo ba. Sai ya tuna ya roƙi gida, ya roƙi kuɗi, ya roƙi ma'aikata, har kayan ɗaki, amma bai roƙi yara ba, don ya ɗauka wannan ba sai an roƙa ba. Ya kwana yana addu'a, washegari aka kawo ta farko. A watan Afrilu 1836 aka buɗe gida mai lamba 6 a titin Wilson, mai ɗaukar 'yan mata 30. Fam 1,000 ɗin nan kuwa bai cika ba sai a watan Yuni 1837, wato bayan wata 18 yana maimaita roƙo ɗaya kullum.

Shekaru biyun farko kuɗi na shigowa daidai gwargwado. Daga 1838 aka shiga abin da makiyayi zai kira bazara mai tsawo. Gidaje sun zama 3, bakuna sun kusa 100, asusu kuwa ya ƙare. Shekara da shekaru ana wayar gari da abin karin kumallo kawai, ba a san inda na rana zai fito ba. Ba sa karɓar burodi ko madara bashi, ko da mai kawowa ya yarda a biya ƙarshen mako. Abin da ke hannu shi ake saye da shi, ranar da aka saya ranar ake biya.

Labarin da ya fi yawo a duniya game da shi shi ne na wata safiya da aka zaunar da yara gaban kwanoni babu komai ciki, Mula ya yi godiya ga Allah saboda abincin da zai bayar, sai ga mai gidan burodi yana ƙwanƙwasa ƙofa, wai ya kasa barci ya tashi cikin dare ya gasa musu. Jim kaɗan sai ga mai madara, amalankensa ya karye daidai ƙofar gidan, ya ce gara yara su sha da ta lalace. Ku masu nono kun san gaskiyar mai amalanken nan, madara ba ta jiran makaniki. Daga bakin wata mata mai suna Abigail Townsend aka samo labarin, wadda tana ƙarama mahaifinta ke aiki tare da Mula. Labari ne mai daɗi, amma ni na fi son wani da ke cikin rubutun Mula na yau da kullum, don ya fi nuna yadda abin yake a zahiri.

Ran 18 ga Satumba 1838 komai ya ƙare, har sun fara duba abin da za a iya sayarwa a cikin gida. An yi kwanaki ana addu'a. Da rana sai ga wata mata daga wajen Landan ta kawo saƙon kuɗi daga 'yarta, fam 3 da sule 2 da sisi. Da aka bincika, ashe kwana 4 ko 5 ke nan da ta sauka a gidan da ke manne da gidan marayu maza. Kuɗin na bayan katanga duk kwanakin da suke kuka. Wani zai ce, to me ya sa Allah bai turo ta tun ranar farko ba? Mula ya juya tambayar. A ganinsa wannan ne shaida cewa an riga an tanadi taimakon tun kafin su roƙa, jinkirin kuwa don a gwada bangaskiyarsu ne, kuma don amsar ta fi daɗi idan ta zo. Ko mutum ya yarda da fassararsa ko bai yarda ba, a nan ne zai gane abin da Mula ke nufi da nacewa cikin addu'a. Jinkiri a wurinsa ba ya nufin an ƙi.

Gaskiya dai a faɗe ta duka. A waɗannan shekaru, sau da yawa taimakon daga aljihun ma'aikatan gidan ya fito. Da wahala ta yi wahala Mula ya fara sanar da su halin da ake ciki don su yi addu'a tare, sai wannan ya kawo ɗan abin da ya tara, waccan ta sayar da abin da take da shi. Sa'an nan kuma masu sukarsa, tun yana da rai, sun ce wane irin rashin roƙo ne wannan, alhali kowace shekara yana buga rahoto mai ɗauke da labarin ƙuncin da aka shiga da yadda aka fita? Duk wanda ya karanta ai hannunsa zai tafi aljihu. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, rahotannin sun yaɗu ƙwarai kuma sun jawo masu bayarwa daga ƙasashe da dama. Mula ya san da wannan zargi. A ƙarshen 1841, lokacin da asusu ke ƙasa ƙwarai kuma lokacin fitar da rahoto ya yi, shi da abokan aikinsa suka ɗage taron shekara da rahoton na tsawon watanni, don kada a ce sun fito da shi ne saboda suna cikin matsi. Suka ci gaba da zama hannu baka hannu ƙwarya har matsin ya wuce. A nawa ganin, masu sukar sun faɗi rabin magana. Rahoton ya sanar da duniya cewa aikin na nan, amma bai taɓa gaya wa kowa cewa gobe da safe babu gawayi ba. Kuma rahoton nan shi ne inda ake lissafa kowane sule da ya shigo da inda ya tafi, bayan masu binciken kuɗi sun duba. Mai karɓar amanar jama'a da ba ya son a ga littafinsa, shi ya kamata a yi wa tambaya.

A 1845 yara sun kai wajen 130 a gidaje 4 na titin Wilson. Maƙwabta suka kai ƙorafi: hayaniya ta yi yawa, magudanan ruwa na toshewa. Mula bai ce masu hassada ne ba. Ya zauna ya rubuta dalilan tashi da dalilan zama, ya auna, ya ga maƙwabtan na da gaskiya. Ke nan sai gini, gini kuwa na dubban fam ne. Ya fara addu'a, kwana 35 babu abin da ya shigo domin ginin. Rana ta 36 aka ba shi fam 1,000, kyauta mafi girma da ya taɓa samu a dunƙule har zuwa lokacin.

Cinikin filin ma abin ji ne. Ya sami labarin wani fili mai eka 7 a wani tudu da ake kira Ashley Down, bayan gari. Ya je gidan mai filin bai same shi ba, ya bi shi wurin aikinsa nan ma suka yi saɓani. Yana iya komawa gidan da dare, amma ya ce a'a, tunda sau biyu bai same shi ba, bari ya bar shi sai gobe. Da safe da suka haɗu, mai filin ya ce ya farka tun ƙarfe 3 na dare ya kasa komawa barci, yana ta tunanin filin, har ya yanke cewa idan don marayu ne zai bar eka a fam 120 maimakon fam 200 da ya sa. Nan take Mula ya ƙulla cinikin. Dillalan kara sun san wannan darasi ta wata hanya: mai zumuɗin saye shi ke tsadar da sa. Duk da haka bai sa an kafa tubali ko ɗaya ba sai da kuɗin ginin gaba ɗaya suka taru a hannu. An fara a 1847, aka buɗe a watan Yuni 1849, gida mai ɗaukar yara 300. Na biyu ya biyo a 1857, na uku a 1862, na huɗu a 1868, na biyar a 1870. Gaba ɗaya suna ɗaukar yara 2,050 a lokaci guda, kuma babu wanda aka gina da bashi.

A ƙarshen Nuwamba 1857 tukunyar da ke ɗumama gida na farko ta fara yoyo, ga hunturun Ingila ya kama, ga jarirai a ciki. Gyara na bukatar a kashe wuta. Mula ya fara da bin hanyoyin da hankali zai bayar, ya duba ko za a iya sa wasu murahu na wucin gadi, ya ga ba za su yiwu ba. Aka sa ranar aiki. Kafin ranar sai iskar arewa mai tsananin sanyi ta taso. Ya roƙi abu 2: Allah Ya juya iskar ta koma ta kudu, kuma Ya ba ma'aikatan zuciyar aiki. Bisa ga abin da ya rubuta, ranar da aka kashe wutar iskar kudu ce ke kaɗawa, kuma da yamma ma'aikatan da kansu suka ce sun gwammace su kwana suna aiki. Cikin awa 30 ko kusa da haka aka sake hura wuta.

Yaran kuwa ba ci da kwana kawai suke yi ba. Ana koya musu karatu da rubutu da lissafi da tarihi, har wasu suka yi ƙorafin wai yana ba 'ya'yan talakawa ilimin da ya fi ƙarfin matsayinsu, yana hana masana'antu da ma'adinai samun 'yan ƙwadago. Maza sukan zauna har wajen shekara 14 a kai su koyon sana'a, mata har 17. Mai fita akan ba shi Littafi Mai Tsarki da akwatin kwano da tufafi. Sai dai ƙofar ba ta buɗe ga kowa ba: sai yaron da uwa da uba duka suka mutu, kuma wanda aka haifa ta hanyar aure. Wannan sharaɗi na biyu ya bar yara da yawa a waje waɗanda ba su da laifin komai, kuma yana cikin abin da ake riƙe masa har yau.

Kada wani ya ɗauka duk abin da ya roƙa ya samu. Ɗansa namiji, Elijah, ya mutu a 1835 yana ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni. Mary, wadda suka ajiye albashi tare, ta kwanta ciwo a farkon 1870, ya yi mata addu'a, ta rasu ran 6 ga Fabrairu, shekarar da aka buɗe gida na biyar. Shi ya yi wa'azin jana'izarta, jigon maganarsa kuwa shi ne Allah nagari ne a ba shi ita da Ya yi, nagari ne a barinta tare da shi shekaru 39, nagari ne kuma a ɗauke ta. 'Yarsa tilo da ta rage, Lydia, ta rasu a 1890 yana can Indiya. Matarsa ta biyu, Susannah, ta riga shi a 1894. Ya kan bambanta abu biyu: abin da ya gaskata Allah Ya yi alkawarinsa a fili, kamar abincin yau da sutura ga wanda ya sa mulkin Allah gaba, da abin da ba a yi alkawarinsa ba, kamar warkewar wani majiyyaci. Na farko yakan roƙa yana jiran amsa babu shakka. Na biyu yakan roƙa ya bar wa Mai shi.

Ya kuma sha gargaɗin masu son kwaikwayonsa ido rufe. Bai ce kowa ya bar sana'arsa ya zauna jiran kyauta ba. Abin da yake gaya wa mai shago da mai sana'ar hannu shi ne ya yi aikinsa da gaskiya, ya guji bashi da tsaya wa wani lamuni, ya ware wani abu daga ribarsa domin mabukata gwargwadon yadda aka buɗa masa, ya kuma kai ƙananan al'amuran cinikinsa gaban Allah kamar yadda yake kai manya. Yakan ce bangaskiyarsa ba wata baiwa ce ta daban ba, irin ta kowane mai bi ce, amfani da ita kullum ne ya ƙarfafa ta.

Addu'arsa mafi tsawo ba ta kuɗi ba ce. A watan Nuwamba 1844 ya fara roƙon tuban wasu mutum 5, kullum, ko yana gida ko yana tafiya, ko lafiya ko ciwo. Na farko ya tuba bayan wata 18. Na biyu sai da aka ƙara shekara 5. Na uku aka ƙara wasu 6. Sauran biyun kuwa, shekaru suka yi ta wucewa, yana tsufa yana ambatonsu, ya haura shekara 50 yana roƙo ɗaya. Marubutan tarihinsa sun ce su ma sun tuba daga baya, ɗaya aƙalla bayan an binne shi.

Hanyar nan tasa ba ta tsaya a Biristol ba. Hudson Taylor, wanda ya kafa ƙungiyar mishan ta cikin ƙasar Sin a 1865, ya ɗauki tsarin rashin roƙon kuɗi da rashin cin bashi, Mula kuwa ya riƙa aika wa ma'aikatansa taimako shekara da shekaru. Daga misalin Taylor aka sami jerin ƙungiyoyi masu irin wannan tsari, cikinsu har da SIM, wadda samari 3, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka faro da saukarsu Legas a 1893. Biyu sun mutu cikin shekara guda, Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa ya kasa, sai a karo na uku aka kafa tasha a Patigi a ƙasar Nufe a 1902. Cocin ECWA daga aikinsu ta fito. Su ne kuma suka shiga Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda duk mai safarar albasa a hanyar Konni zuwa Madawa ya san ƙofarsa.

Yana da shekara 70, a 1875, ya bar ragamar gidajen a hannun surukinsa James Wright ya shiga yawon wa'azi. Cikin shekaru 17 ya zaga ƙasashe 42, har da Masar da Indiya da Sin da Amurka da Ostareliya, tafiyar mil wajen 200,000 a jirgin ruwa da na ƙasa. Ya rasu da safiyar 10 ga Maris 1898 a ɗakinsa cikin gida na uku a Ashley Down, yana da shekara 92, bayan ya jagoranci taron addu'a a daren jiya. Ranar jana'izarsa dubban mutane suka cika titunan Biristol, marayu na biye da gawar, aka binne shi a maƙabartar Arnos Vale.

Kuɗin da suka ratsa hannunsa domin marayu da makarantu da mishan da rarraba Littafi Mai Tsarki sun kusa fam miliyan ɗaya da rabi na wancan zamani. Daga kyautar da mutane suka ba shi don kansa, an gano ya mayar da sama da fam 81,000 cikin aikin ba tare da ya sa sunansa ba. Da aka ƙidaya abin da ya bari, littattafai da kayan ɗaki da 'yan kuɗin hannu, duka-duka wajen fam 160 ne. Marayu sun ci gaba da zama a Ashley Down har 1958. Gine-ginen 5 na nan tsaye, wasu kwaleji ce, wasu an mayar da su gidajen kwana.